Kafin a Zuba Gishiri a Ruwan Kifi: Jan Hankali ga Masu Kiwo a Gaɓar Kainji

Daga Yelwa zuwa Zamare, daga Wara zuwa ƙauyukan Shanga da ke bakin Kwara, ba a koya wa kowa sanin kifi. Sarkawa da Gungawa sun gaji sana'ar su kaka da kakanni. Sun san zurfin da giwan ruwa ke so, sun san lokacin faliya da na warangi, kuma da launin ruwa kawai sukan gane ko ranar ta samu ce ko ta haƙuri. Abin da ya zo daga baya shi ne kifin da aka tsare: tarwaɗa a kwamin siminti, a tankin roba, a tamfol bayan gida, a kududdufin da aka haƙa a fadama, sai kuma 'yan kifayen ado a akwatin gilashi a falon wani ma'aikaci ko ofis ko otal.

Wannan kiwo ya zo da tambayoyin da magabata ba su bar mana amsarsu ba, domin su kamun kifi suka ƙware a kai, jinyarsa kuwa ba ta taɓa zama aikinsu ba. A cikin tambayoyin, wadda ta fi yawo a bakin masu kiwo ita ce ta gishiri. Kifi ya daina cin abinci? A zuba gishiri. Ya taso sama ya yi cirko-cirko? A zuba gishiri. An sauya ruwa? A ɗan watsa gishiri saboda rigakafi. Wani ya haɗa da shuwaka, wani ya ƙara da kafso. Idan aka tambayi nawa za a zuba, sai ka ji ana maganar tafin hannu, ko gwangwani, ko mudu.

Gishiri yana da amfani a kiwon kifi, amfani na gaske wanda masana suka tabbatar. Sai dai magani ne, kuma kowane magani yana da dalili, da awo, da ranar dainawa. Yawancin asarar da ake yi da sunansa daga rashin waɗannan ukun take fitowa.

Daga kamu zuwa kiwo

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwan da ya taru ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270, ya miƙo tun daga madatsar har kusa da Yelwa, ya kuma tayar da mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai. A shekarun farko kifi ya yi albarka ƙwarai: an kama sama da tan 28,000 a 1971. Zuwa 1978 adadin ya faɗo kusan tan 4,500. Ya sake hawa a tsakiyar shekarun 1990, ya kai kimanin tan 38,000 a 1996, sannan ya sauko zuwa wajen tan 13,000 a 2001. Masunta sun ƙaru, raga ta ƙara matsewa, komar nan da ake kira dala ta riƙa kwashe manya da ƙanana, har hukuma ta hana amfani da ita.

A wannan hali ne kiwo ya samu shiga. Nijeriya a yau ita ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, amma duk da haka kifin da ake samarwa a gida, na kamu da na kiwo, bai kai rabin abin da ƙasar ke buƙata ba. Yankin Kainji ya yi sa'a ta fuskar ilimi: a New Bussa akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wato NIFFR, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, ga kuma Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi a garin. A Monai, kusa da can, akwai tarin kududdufan tarwaɗa da suka yi suna. To amma tsakanin ɗakin bincike da kwamin da ke bayan gida a Ngaski akwai tazara, kuma a cikin wannan tazarar ce maganar “zuba gishiri” ta zama amsar kowace cuta.

Abin da ke gudana a jikin kifi

Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Ruwan daɗi bai kai rabin giram ba. Ruwan Kainji kuwa ko a cikin ruwayen daɗi yana daga masu ƙarancin gishiri, ko farin ruwan damina ne da ke gangarowa daga koguna irin su Sakkwato da Rima, ko baƙin ruwan da ke isowa lokacin sanyi daga tsaunukan Gini. A irin wannan ruwa tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa suka rayu tun kafin a san kiwo, babu wanda ya taɓa jefa musu ko ƙwaya ɗaya.

Jinin kifin kuwa yana da gishiri, kusan giram 9 a lita, daidai da namu. Masu ƙyanƙyasa sun san wannan adadi ko da ba su san asalinsa ba: ruwan gishirin da suke tsinka maniyyin namijin tarwaɗa da shi kafin a barbara ƙwai, giram 9 ne a lita, domin ya yi daidai da ruwan jikin kifin.

Tunda jikin kifi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, abu biyu ke faruwa dare da rana. Ruwa yana kutsawa jikinsa ta mashaƙa, wato jan naman nan mai laushi da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa, wanda yake numfashi da shi. Gishirin jininsa kuma yana zurarewa waje ta wannan hanya. Allah Ya hore masa dabarar jure hakan: ƙodarsa tana fitar da fitsari mai yawa tsararo, wasu ƙwayoyin halitta a mashaƙarsa suna tsamo ɗan gishirin da ke cikin ruwa su mayar jini, yauƙin da ke fatarsa kuma yana tare kutsen. Lafiyayyen kifi a ruwa mai kyau yana wannan aiki ba tare da wahala ba. Shi ya sa ba ya buƙatar a taimaka masa.

Matsala tana tasowa ne idan kifi ya jigata. An kama shi da raga, an tantance shi, an cusa shi a jarka, mota ta yi ta jijjiga shi. Yauƙi ya goge, fata ta kurje, numfashi ya ƙaru, gishirin jini ya riƙa fita fiye da yadda yake iya maidowa. A nan ne ɗan gishiri a ruwa ke rage bambancin da ke tsakanin ciki da waje, kifin ya samu sararin farfaɗowa. Misalinsa ruwan gishiri da sukari ne da ake ba yaro mai gudawa: yana ceton rai idan an haɗa shi da awo, amma babu uwar da ke mayar da shi ruwan shan gida.

Wurare uku da gishiri ke biyan buƙata

Na farko shi ne sufuri da tantancewa. Mai kiwo a Shanga ko Yelwa yakan sayo 'ya'yan kifi daga nesa, su yi awoyi a hanya, ga zafi ga gargada. Da yawa ba a hanya suke mutuwa ba, sai bayan kwana biyu ko uku da sauka, mai kiwo ya yi ta zargin wanda ya sayar masa. Giram 1 zuwa 3 na gishiri a kowace lita ta ruwan tafiya yana rage irin wannan asara. A jarka mai lita 25, giram 25 zuwa 75 ke nan. Sai dai a haɗa da sauran sharuɗɗa: a hana kifin abinci yini guda kafin tafiya don kada ya ɓata ruwan da kashi, a tashi da asuba ko da yamma, kada a cika jarka maƙil da kifi, in an iso kuma a riƙa gauraya ruwan kwami da na jarka a hankali kafin a juye.

Na biyu shi ne ƙwarin da ke maƙale wa fata da mashaƙa, da kuma fumfuna. Alamominsu sanannu ne: kifi yana goga jikinsa da bango, yauƙi ya yi yawa har jiki ya yi fari-fari, ko a ga ɗige-ɗige farare ƙanana, ko wani abu kamar auduga ya tsiro a kan rauni. Fumfuna ta fi yawa lokacin hunturu, a watannin Disamba da Janairu, sa'ad da ruwa ke sanyi, kifi ya rage ci, garkuwar jikinsa ta yi rauni. Waɗannan halittu ƙanana ne ƙwarai, ba su da ƙarfin jure sauyin gishiri kamar kifi. Ruwan jikinsu ne ke tsotsewa su mutu. Hanya biyu ake bi. Ko a bar kifi cikin ruwa mai giram 2 zuwa 3 a lita na wasu kwanaki, ko a yi masa wanka a roba daban da ruwa mai ƙarfi, giram 20 zuwa 30 a lita, na 'yan mintoci. Wankan nan ba na ƙananan 'ya'yan kifi ba ne, kuma ba a barinsa a tafi wani aiki. A fara gwadawa da kifi biyar ko goma, a tsaya a kansu, duk wanda ya fara kifewa a tsame shi nan take a mayar da shi ruwan daɗi.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda ba ta sakaci da abin da ake zuba wa kifin ci, ba ta hana amfani da gishiri a waɗannan fuskoki biyu ba: giram 5 zuwa 10 a lita don rage jigata, da giram 30 a lita na minti 10 zuwa 30 don kashe ƙwari. Amma an tsara waɗannan adadi ne don kifaye iri-iri, kuma ƙarshensu na sama ya yi wa 'ya'yan tarwaɗa yawa.

Na uku shi ne wanda aka fi jahilta, alhali a nan ne gishiri ya fi nuna bajinta. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya a ruwa. Wasu bakteriya masu amfani suna juya amoniya zuwa naitirait, wasu kuma su juya naitirait zuwa abin da ba ya cutarwa sosai. A sabon tanki ko sabon akwatin gilashi, waɗannan bakteriya sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, kuma a tsakanin nan naitirait yakan taru. Idan ya shiga jini sai ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Jinin ya koma ruwan ƙasa, mashaƙa ta yi duhu, kifi ya riƙa haki ko da ruwan cike yake da iska. Ƙofar da naitirait ke bi a mashaƙa ita ce ƙofar da kulorayid ke bi, kulorayid kuwa shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin gishirin girki. In ya yi yawa a ruwa, sai ya tare hanyar. Masu kiwon kifi a jihar Misisipi ta Amurka sun daɗe da wannan dabara: suna kiyaye kulorayid ya ninka naitirait sau goma, suna riƙe shi wajen miligiram 100 a lita. A lissafinmu, giram 165 zuwa 170 ke nan na gishiri a lita 1,000. Bai kai cikin gwangwanin madara biyu ba, kuma ko a harshe ba za a ji shi ba.

Abin da gishiri ba ya yi

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan kifi ya fara mutuwa a kwami, galibi ruwan ne ya lalace kafin wata cuta ta shigo. An zuba kifi dubu a inda ya dace da ɗari uku. An watsa abinci fiye da ci, ya nutse ya ruɓe. An yi kwanaki ba a sauya ruwa ba saboda tsadar man injin. Tarwaɗa kuma tana ruɗin mai ita, domin tana da gaɓar shaƙar iska kai tsaye daga sama, tana iya rayuwa a ruwan da karfasa za ta mutu cikin dare ɗaya. Tana raye, amma ba ta girma, fatarta na tsagewa, gashin bakinta na cinyewa, abincin da aka saya da tsada yana tafiya a banza.

A irin wannan hali gishiri ba ya cire amoniya. Ba ya ƙara oksijin. Ba ya kashe sinadarin kulorin da ke ruwan famfo. Wannan sai a tara ruwan a buɗe ya kwana, ko a sa maganin da aka yi dominsa. Ba ya warkar da cutar bakteriya da ta riga ta shiga jini, irin mai kumbura ciki da gyambo mai zurfi. Abin da yake yi a nan shi ne jinkirta gano gaskiya. Mai kiwo ya zuba, mutuwa ta ɗan lafa kwana biyu, hankalinsa ya kwanta, ruwan kuma yana nan yadda yake. In ta dawo sai ya ƙara gishiri, ya buɗe kafson mutane ya juye. Wannan na ƙarshe ya fi muni, domin zuba magungunan kashe bakteriya barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure su, kifin kuma cikin mutane zai shiga.

Matakin farko idan an ga alamar damuwa a bayyane yake: a dakatar da abinci, a zubar da rabin ruwa a zuba sabo, a kwashe matattu, a ware masu rauni, a duba mashaƙa da fata. Bayan nan ne ake tambayar ko abin da aka gani yana cikin ukun da gishiri ke magancewa.

Kowane kifi da ƙarfinsa

Karfasa tana da juriya. Danginta suna rayuwa har a ruwan bakin teku, inda daɗi da gishiri suka gauraya. Tarwaɗa ba haka take ba. Ba ta da ɓawo, fata ce da yauƙi kawai. Wani bincike da aka wallafa a 1989 daga Afirka ta Kudu kan sababbin ƙyanƙyasar tarwaɗa ya nuna cewa sun fi girma a ruwan da gishirinsa bai wuce giram 2.5 a lita ba, girman yana ja baya yayin da gishirin ke ƙaruwa, a giram 10 kuwa mutuwa ce. Tsakanin awon da ke taimako da wanda ke kisa, tazarar ba ta da yawa, kuma tafin hannu ba ya iya gane ta.

Mai akwatin gilashi ya fi kowa buƙatar lura, domin ruwansa kaɗan ne, kuskure kaɗan ya isa. Akwai kifayen ado irin su moli da gupi da ke jure gishiri, kifin zinare ma yana ɗaukar magani da shi na ɗan lokaci. Amma da yawa daga waɗanda ake sayarwa asalinsu kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka, inda ruwa kusan babu gishiri sam, kuma sukan galabaita da shi. Haka namu na gida. Nijeriya tana fitar da kifin ado zuwa Turai da Amurka da Asiya ta Legas, kuma cikin waɗanda ake nema akwai dangin kurungu, da kifin nan mai dogon baki kamar hannun giwa, ɗan uwan miligi. Wannan na biyun yana daga cikin kifayen da ba su son gishiri ko magani mai ƙarfi a ruwansu. Ciyayin da ake dasawa a akwati don ƙawa su ma sukan yi rawaya su narke tun a awon da kifi ke jurewa.

Saboda haka ga mai kifin ado amsar gajeriya ce. Kada a mayar da gishiri ɗabi'ar kowane mako. A sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a kai a kai, a ba da abincin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, a wanke matatar ruwa da ruwan akwatin don kada bakteriya masu amfani su mutu. In wani kifi ya kamu, a tsame shi zuwa roba daban a yi masa magani a can, a bar sauran da ciyayinsu lafiya.

Lissafin da ke raba riba da asara

Babu awo sai an san yawan ruwa. A auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da mita, a ninka su, abin da ya fito a ninka da 1,000, an samu lita. Kwami mai mita 2 a tsawo, 2 a faɗi, ruwa ya kai mita 1, lita 4,000 ke nan. Giram 1 a lita daidai yake da kilo 1 a kowace lita 1,000. Don haka giram 2 a lita a wannan kwami kilo 8 ne. Ƙaramin sikeli ya fi mudu aminci, domin gishiri mai laima da busasshe, mai gari da mai tsakuwa, ba nauyinsu ɗaya ba a mazubi guda. A narkar da shi a bokiti tukuna, a zuba kashi-kashi cikin 'yan awoyi, kada a watsa shi tsagwaronsa a kan kifi.

Wannan lissafi yana nuna wani abu ga masu kududdufin ƙasa. Kududdufi mai mita 20 da mita 10, zurfin mita 1, yana ɗauke da lita 200,000. Kai shi giram 2 a lita yana cin kilo 400, buhu takwas masu kilo 50. Wanda ya watsa mudu biyu a ciki ya yi asarar kuɗinsa ne kawai, ƙwarin ba su ma san an yi ba. Amma kariya daga naitirait a kududdufin nan kilo 33 ya ishe ta. Mai kejin kifi a cikin tafki kuwa ba shi da zaɓi sai wanka a roba, domin ruwan Kwara ba ya tsayawa jiran kowa.

Sai babban tarkon: gishiri ba ya tashi da tururi. A zafin Maris da Afrilu ruwa yana ƙafewa, gishirin yana nan. Ba ya fita sai da ruwan da aka zubar. Ɗauki mai tankin da ke sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa, amma kowane lokaci yana zuba cikakken awon giram 2 a lita na tankin gaba ɗaya. Karo na farko ruwan yana da giram 2. Na biyu 3.5. Na uku ya haura 4.5. Na biyar ya wuce 6, kuma a haka zai yi ta hawa zuwa wajen 8. Bai taɓa ƙara awo ba, amma ya ninka shi kusan sau huɗu. Ƙa'idar ita ce a sa wa sabon ruwan da aka ƙara gishirinsa kawai, in wa'adin magani ya cika kuma a ci gaba da sauya ruwa ba gishiri har ya wanke.

Wane gishiri, kuma ina ruwan zai tafi?

Ƙasar Yauri ta san gishiri tun zamanin fatake, lokacin da ayarin masu zuwa Gwanja sayen goro ke ratsawa ta nan, gishirin Foga kuma yana gangarowa daga wajen Gaya. Irin waɗannan gishirin gargajiya, har da manda da kantu, a gauraye suke da wasu sinadarai waɗanda yawansu ke bambanta, don haka ba a iya dogara da su wajen awo. Abin da ake so shi ne farin gishiri tsantsa, wanda ba a haɗa shi da kayan ɗanɗano ba. Tun 1993 doka ta wajabta sa ayodin a gishirin ci a Nijeriya, kuma ɗan abin da ke ciki bai kai ya cutar da kifi a waɗannan awo ba. Kanwa kuwa kada a kusanto da ita. Tana ɗaga kaifin ruwa, kuma gwargwadon wannan hawa, gwargwadon yadda amoniyar da ke ciki ke komawa guba mai saurin kisa.

Akwai kuma haƙƙin gona. Ruwan kwamin kifi taki ne mai kyau, shi ya sa da yawa ke sakinsa cikin lambu. Amma Yauri ƙasar albasa ce, albasa kuwa tana cikin shukokin da suka fi kowa ƙin gishiri. Shinkafa ta ɗan fi ta haƙuri, amma ita ma ba ta so, musamman tana ƙarama. Jagoran Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwan ban-ruwa ya nuna cewa matsala tana farawa daga kusan rabin giram a lita, ta yi tsanani idan an wuce giram 2. Ruwan da aka yi wa kifi magani da shi a giram 3 ya riga ya haye wannan iyaka. In aka yi ta sakinsa wuri ɗaya lokacin rani, gishirin yana taruwa a ƙasa, saiwa ta kasa shan ruwa, bakin ganye ya ƙone. An gwada kiwon kifi a cikin gonar shinkafa a jihohin Kebbi da Ebonyi. Duk wanda ya ɗauki wannan tsari, gishirinsa ya tsaya a robar wanka, kada ya shiga fadama.

Kira

Gishiri yana da arha, yana samuwa a kowace kasuwa, ba ya barin guba a naman da za a ci. Wannan ya sa ya fi magunguna da yawa dacewa da ƙaramin mai kiwo, kuma wannan ne ya sa ya kamata a koyi amfani da shi daidai. Aikin yana kan jami'an kifi na Jihar Kebbi da na ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, da masanan New Bussa, su fito da taƙaitaccen jadawalin awo da Hausa, a rubuce da boko da ajami, a karanta shi a rediyo, a raba shi ta hannun sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu kiwo. Ƙungiyoyin su ma za su iya haɗa kuɗi su sayi sikeli da kayan gwajin amoniya da naitirait, kowa ya riƙa ara.

Kai kuma mai kiwo, kafin hannunka ya kai ga buhu, ka amsa tambaya huɗu: me nake magancewa, lita nawa ne ruwana, giram nawa zan sa, yaushe zan daina? In ɗaya ta gagare ka, ka ajiye gishirin, ka sauya ruwa, ka nemi masani.